Daga Bakin Allo: Haruffa Uku a Kan Gadon Kawu

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin wannan watan za mu taɓa batun yaran da ke barin aji su bi tallar kasuwa. Muna neman gafara, za mu ɗage wancan zuwa wani jiƙon, domin wani abu ya same mu a gida wanda ya hana mu barci, kuma muna ganin in muka yi shiru da shi mun ci amanar filin nan.

Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, dattijo ne da ya haura saba'in. A nan Nima ya yi ƙuruciyarsa, a nan ya tsufa yana cinikin albasa. Wata safiya bayan an idar da sallar asuba ya yunƙura zai tashi sai ya koma, ɓarin jikinsa na dama ya saki, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Aka sa shi a tasi sai wani asibiti a cikin Ankara, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, don laifin da za mu ba da labari ba nasu ba ne. Kamar yadda aka saba a gidajen zango, da an ga takarda da Turanci sai a ce a kira Ticha. Aka aiko yaro har makaranta, muka bar alli muka tafi.

Mun tarar an sa wa Kawu roba a hanci, an sa masa wata ta fitsari, ga ledar ƙarin ruwa a rataye. Likita, wani saurayi mai fara'a, ya yi mana bayani da sauri, don akwai wasu gadaje da yawa na jiransa. Muna ta gyaɗa kai. Gaskiyar magana, rabin abin da ya faɗa bai shiga ba, amma ga dangi sun zuba mana ido, ga shekara ashirin muna koyar da Turanci, yaya za a yi Ticha ya ce bai gane ba? A saman gadon kuma an liƙa wata 'yar takarda mai haruffa uku: NPO. Mun gan ta, ba mu tambaya ba.

Da magariba matar Kawu, wadda duk muke kira Mma, ta iso da fulas cike da koko mai zafi. Ta dubi takardar ta ce, "Ticha, me suka rubuta a can?" Muka ce ai alama ce ta ma'aikata, ba ta shafe mu ba. Ta ce, "To ni wannan robar hancin ce ban yarda da ita ba. Duk wanda na sani aka sa wa, bai dawo gida ba. Mutum tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, ai sai yunwa ta ƙarasa shi." Ta zauna ta ba shi cokali huɗu ko biyar. Ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa, muka ce sannu Kawu. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama. Koko ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya haifar da ciwon huhu. Da nas ta gane abin da ya faru, ta nuna takardar nan da yatsa ta dube mu ta ce, "Malam, ba kai ne mai karatun ba?" Tun da muke, ba mu taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

NPO dai gajarta ce ta wasu kalmomin Latin, nil per os, ma'ana kada a ba shi komai ta baki, ko da kurɓin ruwa ne. Dalili kuwa shi ne, a maƙogwaron mutum hanya biyu ce ke maƙwabtaka, ta abinci da ta iska, kuma duk lokacin da muka haɗiye akwai wani ɗan murfi da ke rufe ta iska ba tare da mun sani ba. Shanyewar ɓarin jiki takan raunana wannan aiki, likitoci suna kiran matsalar disfajiya, wato wahalar haɗiya. Mai lafiya in ya ƙware zai yi tari ya fitar. Mai irin ciwon Kawu tarinsa ba ƙarfi, wani ma ko tarin ba zai yi ba, abincin ya wuce huhu shiru. Ita robar da Mma ta tsana, wadda ma'aikata ke kira En-Ji, daga kalmar hanci da kalmar tumbi aka haɗa sunanta, kuma aikinta ke nan: ta ratsa ta hanci ta tsallake wurin haɗarin ta kai abinci tumbi kai tsaye. Abin da Mma ta gani a unguwa gaskiya ne, an sa wa wasu sun rasu. Sai dai ai wanda ciwo ya kayar ƙwarai shi ake sa wa. Motar kashe gobara kullum a bakin wuta ake ganinta, amma ba wanda ya ce ita ke cinna wutar.

Bayan wannan abu muka sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, irin na 'yan aji uku, muka koma ɗalibai. Duk kalmar da muka gani a takardar Kawu sai mu rubuta, mu tare nas ko likita in sun sami sarari, mu tambaya. Abin da muka tara shi ne muke so mu raba da ku.

Kuskure na farko da muka gano a kanmu shi ne ɗaukar ƙarin ruwa a matsayin abinci. Sau nawa muka ji ana cewa, ai ba komai ko bai ci ba, an sa masa ruwa leda uku? Ledar da aka fi ratayawa iri biyu ce. Ɗaya ruwan gishiri ne zalla, giram 9 a kowace lita, babu abin da zai ba jiki ƙarfi a ciki ko kaɗan. Ɗayar ruwan suga ce, kuma ledar rabin lita giram 25 na suga kawai ke cikinta, kimanin ƙaramin cokali shida. Ƙarfin da ke cikin abinci da kalori ake auna shi, wannan leda ba ta wuce kalori 100 ba, alhali babban mutum mai nauyin kilo 60, ko yana kwance bai ɗaga tsinke ba, jikinsa na bukatar wajen 1,500 a yini. Ƙarin ruwa maganin ƙishirwar jiki ne da hanyar shigar da magani. Wanda aka bari a kansa kaɗai mako guda, naman jikinsa yake ci.

Ciyar da majinyaci na gaske hawa-hawa ne. In baki na aiki, ta baki. In baki ya gaza amma hanji lafiya lau, sai roba, kuma shi ne suke kira ciyarwar entaral, daga kalmar Girkanci mai nufin hanji. In hanjin kansa ne ya lalace ko aka yi masa babban aiki, sai a haɗa abinci na musamman cikin leda a shigar ta jijiya, wannan kuma farentaral, wato wanda ya kewaye hanji. Wani likita a Amurka mai suna Stanley Dudrick shi ya nuna a shekarar 1968 cewa ana iya rayar da mutum ta haka na tsawon lokaci. Yana da tsada, yana da haɗarin shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, shi ya sa muddin hanji na motsi likitoci suka fi son a bi ta cikinsa. Abin da ya ba Mma mamaki shi ne kokon nata ma ba a hana ba. Jami'ar tsara abinci ta asibitin ta ce a ƙara masa madara da ƙwai, a tace shi sosai, a auna, a tayar da kan gadon, a zuba ta robar a hankali, a bi da ruwa mai tsabta, kada a kwantar da shi nan take. Ashe rigimar duka a kan ƙofar da kokon zai shiga ce.

Wata kalma da ta yi ta dawowa ita ce metabolizim. A kwalejin horon malamai mun haddace ta don jarrabawa, muka manta. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta canji ko juyi, kuma abin da ake nufi shi ne duk aikin da jiki ke yi na juya tuwon zafi da wake da shinkafa su zama ƙarfi da nama da jini. Ku ɗauki kurfoti. Ana zuba gawayi, iska na shiga, wuta na ci, zafi na fita, toka na taruwa a ƙasa. Wutar jiki ba ta mutuwa ko mutum na barci, domin zuciya da ƙwaƙwalwa da huhu ba sa hutu. In zazzaɓi ya zo, ko babban rauni, ko aikin tiyata, wutar ƙaruwa take yi daidai lokacin da majinyaci ya daina sha'awar abinci. In gawayi ya ƙare sai jiki ya shiga ƙona kitsensa da tsokarsa. Abin da ya sa ke nan za ka ga ƙato ya kwanta mako biyu ya tashi kamar sillen kara, kuma gyambon kwanciya ya ƙi warkewa.

Ciwon suga shi ne cutar wannan fanni da ta fi yawa a gidajenmu. A takarda za ku ga DM, wato dayabitis melitus. Kalmar farko na nufin abin da ruwa ke wucewa ta cikinsa, ta biyu kuma daga zuma take. Mutanen da suka raɗa sunan abin da kakanninmu suka gani suka gani: mai yawan fitsari, wanda kiyashi ke taruwa a inda ya tsuguna. Suga yana cikin jini, amma ba ya shiga tsoka sai da wani sinadari da ake kira insulin, wanda aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. In ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini har ya malala cikin fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi. Ga yawan fitsari, ga ƙishirwa, ga rama alhali ana ci. A ma'aunin asibitocin Gana, in aka gwada mutum da safe kafin ya karya aka sami 7 ko fiye, aka maimaita aka sake samu, to ciwon ya tabbata.

A nan bari mu yi wani ɗan tsokaci, tun da gidaje da yawa a Nima da Maamobi suna da ɗa ko 'ya a Amurka. Na'urar gwajin suga da suke aikowa da wani ma'auni dabam take ƙirga. Abin da asibitinmu ke kira 7, ita 126 take nunawa, wato an ninka sau 18. Mun ga dattijuwar da ta kwana kuka don na'ura ta nuna mata 110, alhali a lissafinmu 6 ne da 'yan kai. Sannan akwai kishiyar hawan suga, wato faɗuwarsa ƙasa da 4, wanda ma'aikata ke kira haifo. Yakan sami mai shan maganin suga ko mai yin allura in ya tsallake abinci, kuma yana zuwa da zufa da rawar jiki da sambatu. Wasu sukan ɗauka iska ce ta taɓa shi, a tsaya neman hayaƙi, alhali in yana iya haɗiya ruwan suga yake bukata nan take, in kuwa ya suma sai asibiti da gaggawa ba tare da an ɗura masa komai ba. Mai wannan ciwo da ke son yin azumi ya ga likitansa tun watan Sha'aban.

To ina tokar kurfotin take zuwa? Nan muka iso maganar da Bahaushe ba ya son yi. Mu mutane ne masu kunya, ko kalmar fitsari ba ma so a bakin manya. Sai mu ce bawali, ko kama ruwa, ko zagayawa. A gida wannan tarbiyya ce. A gaban likita kuwa, musamman in ta bakin tafinta za a bi, daga Hausa zuwa Tonanci ko harshen Ga, daga can zuwa Turanci, takan zama asara. Mun ji da kunnenmu wani tsoho a layin asibiti ya ce kama ruwa ke ba shi wahala, jikansa ɗan sakandare ya fassara cewa hannun kakansa ba ya iya riƙe kofi.

Ƙoda biyu ne, kowace kamar dunƙulen hannu, a bayan ciki ƙarƙashin haƙarƙari, kuma a cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan guda. A yini ɗaya suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini. Ledar fiya wata rabin lita ce, ke nan leda 360, jaka 12 cur. Kusan duka suke mayar wa jiki, abin da ke fita fitsari bai wuce leda uku ba, ko ƙasa ko sama kaɗan. Cikinsa ake zubar da gishirin da ya yi yawa da dattin da ya rage bayan jiki ya sarrafa nama da wake, wanda hanta ke mayarwa yuriya. I, ita ce dai yuriyar da manoman arewa ke saye a buhu suna zuba wa masara.

Kalmomin fitsari da ke tsorata mu a takarda, da muka zauna muka warware su sai muka ga ginin tubali ne, kamar yadda almajiri in ya san asalin kalmar Larabci yake gane 'ya'yanta. Duk inda kuka ji kalma ta ƙare da uriya, fitsari ake nufi, abin da ke gabanta shi ke faɗin halinsa. Foliyuriya yawa ne, fiye da leda shida a yini. Oliguriya ƙaranci ne, abin da bai cika leda guda ba, kuma wannan ƙararrawa ce, ko jiki ya bushe ko ƙoda ta fara gazawa. Anuriya kusan ɗaukewa ne gaba ɗaya. Disuriya zafi ne wajen yi. Saboda haka ne nas ke zuwa ta duba jakar fitsari ta rubuta, tana gwama abin da ya shiga da abin da ya fita. Rana ta uku wani ƙanenmu, don tsabta da kunyar baƙi masu dubiya, ya zubar da jakar Kawu ba a auna ba, lissafin yini guda ya lalace.

Himaturiya ita ce jini a fitsari, kuma wannan muna da sunanta tun kaka da kakanni in daga ruwa ta fito: tsargiya. Wani likitan Jamus, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, shi ya sa ake ce mata bilhaziya. Bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya zama gidan dodon koɗin da ke ɗauke da ita, cutar ta yaɗu a garuruwan bakin ruwa. Masu fataucin kifi da ke kai yara hutu Yeji ko Dambai su lura. Har yanzu akwai masu ɗaukar jan fitsarin yaro alamar balaga ce. Ba ita ba ce, kuma akwai ƙwayar magani, faraziƙwantel, da ke kashe tsutsar. Babba kuwa in ya ga jini ko sau ɗaya, ko ba zafi, ya je a bincika, domin sankarar mafitsara ma haka take fara sallama.

Robar fitsari, wadda suke kira katita, ita ce ta fi ƙona ran dattawanmu. Akwai wani ƙululu a ƙarƙashin mafitsarar namiji, furostet, wanda bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. Da shekaru yakan girma ya matse bututun. Sai a ga tsoho na tashi sau biyar da dare, ya tsuguna ya daɗe, ya tashi bai gamsu ba, har ranar da zai toshe ƙaf, mara ta kumbura, ya yi ta murƙususu. Ashe Kawu ya yi shekara uku da wannan bai faɗa wa kowa ba. Fitsarin da ya rasa hanya baya yake komawa ya danne ƙoda. Ita robar, wadda wani likitan Amurka Frederic Foley ya ƙera irinta a shekarun 1930, tana da 'yar balan-balan a kai da ake cikawa da ruwa don ta zauna cikin mafitsara. Wanda ya fizge ta da ƙarfi ba a sace balan-balan ɗin ba, yaga kansa zai yi. Jakar kuma kullum ƙasa da mara take zama, ba a ɗora ta kan gado. Da Kawu ya fara magana, tambayarsa ta farko ita ce yaya sallarsa da wannan abu a jiki. Muka ɗauko masa limamin unguwa, ya ce masa ai littattafan fiƙihu sun daɗe da babin wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba, salasul bauli, kuma an yi masa sauƙi. Ranar ya yi barci.

Akwai wata takardar gwajin jini da ake rubuta wa BUE da Cr. Wannan ita ce jarrabawar ƙoda. Kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa kullum, ƙoda mai lafiya na kwashe shi, in ya taru an san matatar ta yi sanyi. Daga shi ake lissafa wata lamba, eGFR, wadda mu malamai za mu iya ɗauka kamar maki bisa ɗari. 90 zuwa sama daidai ne. Ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ya zauna. Ƙasa da 15, ƙoda ta gaza. Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya zafi da wuri. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana harkokinsa a kasuwar Laraba, sai ƙafa da fuska sun kumbura, fitsari na kumfa, abinci ya fita kai, sannan a farga. Hawan jini da ciwon suga suna kan gaba wajen jawo shi. Ga kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da 'yan dako da direbobin torotoro ke saye a kemis suna watsawa kullum kamar gyaɗa, ga jiƙe-jiƙen kwalba da ake tallarsu da lasifika, waɗanda ba wanda ya san abin da ke ciki balle adadinsa.

In ƙoda ta gaza sai dayalisis, wanda muke kira wankin ƙoda, ko da yake sunan na ruɗarwa. Jini ake wankewa a na'ura, ƙodar tana nan yadda take. Shi ya sa ba a yi sau ɗaya a warke: sau uku ne a mako, wajen awa huɗu kowane zama, har sai an sami dashe. A 2023 sashen ƙoda na asibitin koyarwa na Korle Bu ya rufe ƙofa ga masu zuwa daga gida tun watan Mayu saboda bashi, bai buɗe ba sai Nuwamba. A watan Satumba na shekarar aka liƙa sanarwar ɗaga kuɗin zama ɗaya daga sidi 380 zuwa 765 da 'yan kai, ƙasa ta ɗauki kuka har aka dakatar. Ku lissafa ko a tsohon farashin: sidi 1,140 kowane mako. Wane mai shayi, wane tela? A watan Yuni na 2024 hukumar inshorar lafiya ta fara ɗaukar nauyin wankin ga yara da tsofaffi, a Disamba na shekarar aka sanar da faɗaɗa shi ga sauran masu kati. Wanda abin ya shafa ya je ofishinsu da katinsa ya ji yadda tsarin yake a asibitin da yake zuwa. Amma awon jini da na suga da na fitsari sau ɗaya a shekara, wanda ake yi a nan asibitin Maamobi, kuɗinsa bai kama ƙafar wancan ba.

Kada a ce duka nauyin a kanmu yake. Su ma masu farar riga akwai abin da ya kamace su, kuma misalin yana nan cikin garin nan. Zamanin da ake kiran ƙasar Gwalkwas, wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise, wanda har yau yana nan. Tana ganin yara masu kumburin ƙafa, gashi ya yi ja, fata na saɓulewa, yawancinsu an yaye su a kan kokon masara zalla. Ta bayyana cutar a 1933. Maimakon ta ƙirƙiro mata suna da Girkanci, sai ta tambayi mutanen gari me suke ce mata, aka ce kwashiyoko, ciwon da yaro ke yi in an haifi ƙanensa an ture shi daga nono. A 1935 ta buga sunan a mujallar likitoci ta The Lancet. Wasu manya a Ingila suka yi mata gardama, amma yau duk ɗalibin likita a duniya da kalmar Ga yake kiran cutar. Sunan da iyaye mata suka raɗa ya ƙunshi har da sanadin ciwon. Mu ma muna da tamowa da tsargiya da farin mashi da sanyin mara, kuma likitan da ke aiki kusa da zango ba zai yi asara ba in ya koyi goma daga ciki.

Ilimin tamowa ya ƙaru tun daga lokacin. Yaron da yunwa ta cinye ba a cika masa ciki rana ɗaya, domin kurfotin da ya kusa mutuwa in aka juye masa buhun gawayi kashe shi za a yi. Da madara mai sauƙi ake farawa, F-75, sannan a hau F-100, sannan abin nan na gyaɗa da madara mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙira a Faransa a 1996, aka yi jinyar dubban yara da shi a Maradi lokacin yunwar Nijar ta 2005. Haka ma babban da ya daɗe bai ci ba, da kaɗan-kaɗan ake tayar da shi, ko da dangi na ganin ma'aikata rowa suke yi.

Kawu ya yi kwana 26 a asibiti, fiye da rabinsu na ciwon huhun da muka jawo ne. An cire robar hanci bayan an gwada haɗiyarsa da abinci mai kauri an ga yana wucewa. Ta fitsari tana nan, ana canza ta a ranar da aka rubuta mana, muna jiran ganin likitan mafitsara. Mun nemi gafararsa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Ticha, kai ma ashe akwai allon da ba ka wanke ba." Littafin nan mai shafi arba'in ya kusa cika, yana wurinmu, duk wanda aka ba takardar da ta ɗaure masa kai ya same mu bayan la'asar, abin da ba ya ciki mu je tare mu tambaya. 'Ya'yanmu nas-nas da ke karanta filin nan kuma, in kun ga inda muka karkace ku rubuto ta hannun edita a gyara a fitowa ta gaba.

Mma ba ta karanta lambobin da ke jikin jakar, amma mun ja mata layi da biro a daidai kowace rabin lita. Kowace safiya in mun biya gaisuwa kafin mu wuce makaranta, tun daga ƙofa take ba mu rahoto. Jiya ta ce leda uku da rabi, kuma fari tas.